Yadda Ake Gyara Ƙasar da Ciyawa Ta Ƙi Kamawa

Masu shuka kirikiri a harabar gida a Birnin Kebbi kan ji ana cewa a huhhuda ƙasa ta sha iska. Ba kowace ƙasa ke buƙatar haka ba, don haka fara da gwaji.

Ka yi ban-ruwa da yamma, washegari ka soka rodi mai tsini. In ya shige santimita 10 ba da wani ƙarfi ba, jigawa ce irin wadda ta yawaita a kan tudu. Yunwa ke damunta, huda ta wahalar banza ce. In kuwa rodin ya cije, ruwa kuma yana kwanciya a sama, to ƙasar ta zama fako, kamar inda ake ajiye mota ko yara ke buga ƙwallo. Wannan ita ake hudawa, haka ma laka irin ta fadamar Argungu.

Ka jira damina ta kankama, wajen Yuni zuwa Yuli, lokacin da ciyawa ke da ƙarfin murmurewa. Kada ka taɓa ta a zafin Afrilu. Soka rodin zurfin santimita 8 zuwa 10, ka ɗan jujjuya, ka bar tazarar tafin hannu tsakanin rami da rami.

Sai taki, wanda shi ne ainihin maganin kowace irin ƙasa. Tara kashin shanu ko na awaki da busasshen ganye da buntun shinkafa, wanda ba ya wuyar samu a Kebbi. Ka riƙa yayyafa ruwa kana juyawa duk mako biyu, har wata biyu ko uku. Ya nuna idan ya yi baƙi, ya daina zafi, yana marmashewa a hannu. Ɗanyen kashin kaji ƙona ciyawa yake yi, buntun da bai ruɓe ba kuma yakan sa ta yi ɗorawa. Takin bola kuwa sai an tankaɗe, saboda leda da kwalba da matattun batura.

Barbaɗa shi kaurin santimita 1, kada ya binne ganyen, ka ja manjagara ya faɗa ramukan, ka ba da ruwa. Ka maimaita duk shekara. Motar nan kuma a sama mata wani wurin.