Tambayar Foligon a Jarrabawa: Ku Fara Daga Kusurwar Waje

A jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, tambayar foligon, wato siffa rufaffiya mai miƙaƙƙun gefuna uku ko fiye, na cikin wuraren da ɗalibai ke zubar da maki a banza. Yawancinsu sun haddace (n − 2) × 180, wato jimlar kusurwoyin ciki na foligon mai gefe n, sai su duƙufa ninkawa da rabawa har lokaci ya ƙure. Abin da nake faɗa wa 'yan ajina shi ne, muddin aka ce gefunan foligon ɗin tsawonsu ɗaya, kusurwoyinsa ma duk daidai suke, to ku nufi kusurwar waje tukuna.

Kusurwoyin waje, ko gefe 3 ne ko 30, jimlarsu digiri 360 ce. Ku ɗauka kuna zagaya fili da ƙafa, kuna shan kwana a kowane lungu; girman kwanar da kuka sha shi ne kusurwar waje. Kafin ku dawo inda kuka tashi, kun yi juyi guda cikakke, fuskarku ta koma inda ta fara kallo. Ita kuma kusurwar ciki da ta waje a kan layi ɗaya suke zaune, don haka idan aka haɗa su 180 ne. Waɗannan biyun su ne jarinku.

Misali, an ce kowace kusurwar ciki digiri 140 ce, gefe nawa ne? Ku cire 140 daga 180, saura 40. Ku raba 360 da 40, ku samu 9. An gama. Wanda ya bi ta doguwar hanya yana can yana kokawa da 180n − 360 = 140n, kuma a nan ne alamar ɗebewa ke kayar da mutane.

Akwai wadda masu tsara tambaya ke so ƙwarai: kusurwar ciki ta ninka ta waje sau biyar. Ku kira ta waje x, ta ciki 5x. To 6x = 180, x = 30, sai 360 ÷ 30 ya ba ku gefe 12. Kada ku rubuta 30 a matsayin amsa. Sau da yawa za ku gan ta cikin zaɓin A zuwa D, an ɗana ta ne don mai gaggawa.

Idan rabawar ba ta fita cif ba, ku koma ku duba. Kusurwar ciki 130 za ta ba da ta waje 50, kuma 360 ÷ 50 = 7.2. Babu siffa mai gefe bakwai da ɗoriya.

Ba laifi ku riƙe kaɗan a ka: idan kusurwoyin daidai suke, mai gefe 5 kusurwarsa ta ciki 108, mai 6 kuma 120, mai 8 135, mai 10 144.

Inda (n − 2) × 180 ke da amfani shi ne idan kusurwoyin ba daidai suke ba. A ce mai gefe 5 ne, an ba ku 100, 110, 120, x da 2x. Layi biyu daga lungu ɗaya za su raba shi alwatika uku, kowanne 180, jimla 540. Ku cire 330, saura 210, wato 3x = 210, x = 70. Idan babbar kusurwa aka nema, amsar 140 ce, ba 120 ba.