Yadda ake soya naman sa da miyar teriyaki cikin rabin awa

Wannan girki ne na ranar aiki, lokacin da aka dawo gida a gajiye kuma babu mai ƙarfin tsayawa kan tukunya awa biyu. Zaman da zai yi a kan wuta bai kai minti goma ba. Sauran lokacin duk na yanka ne da haɗa miya, don haka uwargida kada ki kunna wa kasko wuta sai komai ya kammala a gabanki.

Teriyaki salon girki ne na ƙasar Japan. A can kifi ko kaza ake gasawa, ana shafa musu miyar da aka haɗa da soya sos (tsimin waken soya mai gishiri), sukari, mirin (wata giyar girki mai zaƙi) da kuma giyar shinkafarsu, har naman ya ɗauki sheƙi. Dahuwa ce ke sa miyar kauri, ba gari ba. Irin wanda ya fi yaɗuwa yanzu, mai citta da tafarnuwa da sitaci, a Amurka ya samu wannan kamar, a hannun 'yan asalin Japan mazauna Hawai da birnin Siyatil, inda Toshi Kasahara ya buɗe shagonsa na teriyaki a 1976. Ita kuwa suyar gaggawa a kasko mai tsananin zafi ana juyawa, ta Sinawa ce. Abin da za mu dafa ya haɗa biyun.

Maganar barasa

Mirin na asali yana ɗauke da barasa kusan kashi 14 cikin 100, kuma minti biyu a kan wuta ba ya ƙone ta duka. Shi ya sa haɗin da ke ƙasa babu mirin babu giya: zuma da sukari ne ke kawo zaƙin da sheƙin, ɗan khal kuma ya kawo tsamin da ke yanke zaƙin. Idan miyar teriyaki ta kwalba za ki saya, ki karanta jerin kayan da ke jikinta, domin da yawa akwai giya a ciki. Shi kansa soya sos da aka tsimar yakan samu ɗan barasa daga tsimin, amma kamfanoni irin su Kikkoman suna yin wanda ke da tambarin halal.

Kayan haɗi na mutum huɗu

Babban cokali a nan mililita 15 ne, ƙarami kuma mililita 5.

Na nama:
- Tsokar naman sa, giram 500
- Bekin soda, rabin ƙaramin cokali
- Soya sos, babban cokali 1
- Ruwa, babban cokali 1
- Sitacin masara, wanda ake sayarwa da sunan kon fulawa, ƙaramin cokali 2
- Man gyaɗa, babban cokali 1

Na miya:
- Soya sos, babban cokali 4
- Ruwa mai sanyi, rabin kofi, wato mililita 120
- Sukari, babban cokali 2, mai ruwan ƙasa ya fi
- Zuma, babban cokali 1
- Khal na shinkafa ko na tuffa, babban cokali 1
- Sitacin masara, ƙaramin cokali 2

Sai albasa babba ɗaya, karas biyu, koren tattasai ɗaya da ja ɗaya, burokoli ko koren wake ko kabeji kamar giram 200, tafarnuwa ƙwaya uku, ɗanyar citta tsawon gaɓar babban yatsa, lawashi, soyayyen riɗi, man riɗi ƙaramin cokali ɗaya, da man gyaɗa babban cokali biyu na suya.

Babu gishiri babu dunƙule a jerin nan, kuma ba mantuwa ba ce. Babban cokali ɗaya na soya sos yana da sodiyam kusan miligiram 900, a girkin nan kuwa akwai cokali biyar. Ki kuma tabbatar soya sos ɗin mai ruwa-ruwa ne na yau da kullum. Akwai baƙi mai kauri na Sinawa wanda don launi ake saka shi. Idan kika zuba cokali huɗu na wannan, miyar za ta yi baƙi ƙirin da ɗaci.

1. Ki fara ɗora shinkafa

Farar shinkafa na cin minti ashirin, wato ta fi naman daɗewa. Ki ɗora ta tukuna, babu mai babu gishiri mai yawa, domin miyar ce za ta ba ta ɗanɗano.

2. Yankan nama

A nan girkin ke gyaruwa ko ya lalace. Naman da zai yi minti biyu kacal a kan wuta ba shi da lokacin yin laushi, don haka dole laushin ya fito daga wurin zaɓe da wurin yanka. Ki ce wa mahauci ya ba ki tantaƙwashi, ko tsokar baya, ko ta saman cinya, marar jijiya. Naman ƙwauri da na wuya da na ƙirji ki bar su ga miya da farfesu. Jijiyarsu sai an daɗe ana dafawa take narkewa.

Ki cire farar fatar da ke manne a jikin tsokar da duk wata jijiya. Idan akwai hali da ƙarin lokaci a kan rabin awar, ki saka naman a firiza na minti 20 zuwa 30, ba don ya daskare ba, sai don ya ɗan yi ƙarfi wuƙa ta bi shi daidai. Daga nan ki duba naman da kyau: za ki ga zare-zare a jere, duk sun miƙe sun fuskanci gefe guda. Ki fara tsaga naman a bin zaren, ki fitar da dogayen gunduwa masu faɗin yatsu uku. Sannan ki juya kowace gunduwa ki yanka ta a gicciye, wuƙa na datse zaren. Kaurin kowane yanki kada ya wuce milimita 3 zuwa 4, kamar yankan tsire. Wanda ya yanka a bin zaren ya bar wa haƙori aikin da wuƙa ya kamata ta yi, ko da kuwa tantaƙwashi ya saya.

Idan kin wanke naman, ki tsane shi sosai da tsumma mai tsabta ko takardar kicin. Jiƙaƙƙen nama ba ya soyuwa.

3. Jiƙa naman

Ki narkar da bekin soda a cikin cokalin ruwan, ki zuba a kan naman tare da soya sos, ki cuɗa da hannu har naman ya shanye ruwan. Ki barbaɗa sitacin ki sake cuɗawa, sannan ki zuba man gyaɗa a ƙarshe don yankan su rabu da juna a kasko. Ki ajiye minti 15 zuwa 20.

Wannan dabara ce ta gidajen abincin Sinawa. Bekin soda na rage tsamin saman naman, sai tsokar ta kasa tsukewa da matse ruwanta idan ta ji zafi. Sitacin kuma yana yi mata wata siririyar riga da ke riƙe danshi, wadda miyar za ta manne a kai daga baya. Naman kasuwa da aka yanka da safe aka sayar a ranar, ba a ajiye shi ya kwana a sanyi ba, ya fi kowanne buƙatar wannan mataki. Amma a kiyaye awo. Idan soda ta wuce rabin ƙaramin cokali, ko naman ya kwana a cikinta, zai yi laɓo-laɓo kuma ya riƙa ɗanɗanon sabulu. Kada a maye ta da kanwa, domin ƙarfin kanwa ba ɗaya ba ne daga wannan dunƙule zuwa wancan, ga kuma warinta.

4. Miya da ganye

Yayin da naman ke jiƙa, ki haɗa duk kayan miyar a kwano ki kaɗa har sukari ya narke. Ruwan dole ya zama mai sanyi. Sitaci a ruwan zafi gudaji yake yi nan take.

Ki yanka karas siriri a karkace, tattasai da albasa a tsaye, burokoli ƙanana yadda cokali zai ɗauka. Ki goga citta da tafarnuwa ki ajiye su daban a ɗan faranti. Ki jera komai kusa da murhu, har da farantin da za ki kwashe nama a ciki.

5. Suyar nama

Kaskon wok na ƙarfe, wato kaskon Sinawa mai zurfi, shi ya fi dacewa, amma duk wani faffaɗan kasko mai kauri zai yi. Ki ɗora shi a wuta mai ƙarfi babu komai a ciki, har sai ɗigon ruwa ya ɓace da zarar ya taɓa shi. Idan kaskon mai shafi ne wanda abinci ba ya kama shi, kada ki bar shi a wuta babu mai, shafin na lalacewa.

Ki zuba mai babban cokali ɗaya, ki juya kaskon man ya zagaye. Ki zuba rabin naman kawai, ki baje shi yadda kowane yanki zai taɓa ƙarfen, sannan ki cire hannunki. Minti ɗaya cur kada ki taɓa. Za ki ji ƙarar suya mai kaifi, gefen yankan ya fara yin ja-ja mai duhu. Sai ki juya, ki ba shi daƙiƙa 30 zuwa 45, ki kwashe ko da akwai sauran ɗan ja a tsakiya, domin zai koma wuta. Ki jira kaskon ya sake ɗaukar zafi, ki soya sauran rabin.

Dalilin raba shi biyu shi ne, nama ba ya yin launin suya da ƙamshinta sai zafin samansa ya haura kusan digiri 140, ruwa kuwa ba ya wuce digiri 100. Idan aka juye giram 500 a lokaci guda, kaskon zai huce, naman ya saki ruwa, ya koma dahuwa a cikin romonsa, ya fito fari-fari da tauri. Idan kin ji ƙarar ta koma ta tafasa, to an cika kaskon. Mai amfani da risho ko ƙaramin kan gas ta raba naman kashi uku. Garwashin gawayi da ya kama sosai ya fi yawancin murhunan gida zafi, kuma yana yin wannan aikin da kyau.

6. Ganye

Idan akwai baƙin ƙonewa a gindin kaskon, ki goge da takarda. Idan launin ruwan ƙasa ne, ki bar shi, daɗi ne. Ki zuba sauran man, ki fara da masu tauri: karas da burokoli ko koren wake, minti ɗaya kina juyawa. Ki zuba ruwa babban cokali biyu ki rufe na minti ɗaya, tururi ya ratsa su. Ki buɗe, ki zuba albasa da tattasai, ki soya minti ɗaya da rabi. Kabeji, idan shi ne, tare da tattasai yake shiga.

Ki tura ganyen gefe, ki zuba citta da tafarnuwa a tsakiya na daƙiƙa 20, daidai lokacin da ƙamshinsu zai tashi. Mutane da yawa da su suke fara suya, amma a zafin da ake wannan girki gogaggiyar tafarnuwa na ƙonewa tun kafin sauran kayan su soyu, ɗacinta kuma ba ya fita. Mai son yaji ta saka rabin attarugu a nan. Ba ya cikin tsarin Japanawa, amma yana tafiya da zaƙin miyar.

7. Haɗawa

Ki rage wuta zuwa matsakaiciya. Ki sake kaɗa miyar, domin sitacin ya riga ya kwanta a gindin kwano, sannan ki zuba ta. Da farko za ta yi kamar ruwan shayi da madara. Da ta tafasa, cikin minti ɗaya, za ta washe ta yi duhu da ƙyalli. Ki mayar da naman tare da ruwan da ya tsatso a farantin, ki juya na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya har kowane yanki ya lulluɓe. Idan kika ja cokali a gindin kasko hanyar ta ɗan tsaya kafin miyar ta rufe ta, ya yi. Ki kashe wuta, ki zuba man riɗi, ki barbaɗa lawashi da riɗi. Man riɗi don ƙamshi ne, zafi mai yawa na kashe shi, shi ya sa yake zuwa a ƙarshe.

Idan an samu matsala

Miyar da ta yi kauri kamar kunu, ruwan zafi cokali ɗaya ko biyu zai warware ta. Wadda ta tsinke, ki dama sitaci ƙaramin cokali ɗaya da ruwan sanyi cokali ɗaya, ki zuba ki bari ta sake tafasa. Kada ki barbaɗa busasshen gari a kai. Idan gishiri ya yi yawa, ki ƙara ruwa da ɗan zuma da 'yan ɗigon khal, ki kuma ƙara ganye idan akwai. Ɗaci kuwa daga ɗayan biyu yake: ƙonanniyar tafarnuwa, ko miyar da aka zuba tun naman na ɗanye sukarinta ya ƙone a busasshen kasko. Wannan ne ma ya sa ba a jiƙa naman a cikin miyar mai zaƙi kafin suya.

Wasu kan saka ruwan abarba don laushi. Ɗanyar abarba na da sinadarin da ke narkar da tsoka, kuma a kan yanka siriri irin wannan, rabin awa ya isa ya mayar da naman dagwargwaje. Idan ana son ɗanɗanonta, a yanka ta a zuba tare da tattasai.

Don rage aikin yamma, ana iya haɗa miyar ninki biyu ko uku a kwalba mai murfi, ban da sitaci, a ajiye a firij har mako guda. Sitacin sai ranar girki. Nama da ganye ma a yanka su tun dare a rufe kowanne daban, amma soda sai minti ashirin kafin suya. Abin da ya rage bayan an ci, a saka shi a firij kafin ya yi awa biyu a waje, a cinye cikin kwana uku. Wurin ɗumamawa a zuba ruwa cokali biyu a kasko, a juya a wuta matsakaiciya har ya yi zafi ciki da waje, a sauke nan take kafin naman ya tsuke.