Yadda na gyara ƙafafun 'yan tsakina

A hunturun da ya wuce, a gidanmu da ke unguwar Birni a Zinder, 'yan tsaki uku suka kasa tsayuwa, ƙafafunsu suka baje gefe da gefe. Da na duba sai na gane cewa ledar da na shimfiɗa musu ce mai santsi, abin da ya dame ni ƙwarai. Na cire ta na zuba ƙaiƙayin gero busasshe, sannan na haɗa ƙafafun kowanne da ƙyalle mai laushi, na bar tazara daidai faɗin jikinsa. Biyu sun miƙe cikin kwana 4. Na ukun kuwa, wanda yatsunsa suka lanƙwashe, likitan dabbobi ya ce ƙarancin bitamin B2 ne, na riƙa sa masa a ruwan sha har ya taka.