Yadda za ka auna densiti da sikelin masu gwal, ko babu lab

Malaman kemistiri namu na Gusau da kewaye, musamman masu SS1, kukan kullum dai shi ne babu kayan aiki. To ga dabarar da nake yi da yara, abin da ake bukata kawai ƙaramin sikelin dijital irin na masu sayen gwal mai nuna 0.01, sai kofin roba, zare da ruwa.

Densiti dai nauyin abu ne a raba shi da girman wurin da ya ci. Nauyi babu wuya, ɗora ƙusa a sikeli ka rubuta. Girman ne ke ba yara wahala, don in ka ce su jefa ƙusa cikin ruwa su duba inda ya hau, wallahi kowa da lambar da zai karanto maka, wani ya leƙo ta sama wani ta ƙasa. Saboda haka ɗora kofin ruwa a sikeli, danna maɓallin da ke mayar da shi sifili, sannan ka ɗaure ƙusar da zare ka zura ta har ta nutse duka amma kar ta taɓa gindin kofin ko gefe, hannunka na riƙe da zaren. Lambar da ta fito a giram ita ce girman ƙusar a cm³, wato ma'aunin girman wurin da abu ya ci, tunda ruwa giram 1 ne a kowane cm³ ɗaya. Dabarar Akimidis, masanin Girka na zamanin da, ke nan. Misali ƙusa ta yi 15.7, cikin ruwa sikeli ya nuna 2.0, ka raba ka sami 7.85, ƙarfe kuwa 7.87 ne. In ka ga ƙananan kumfa sun manne a jiki ka girgiza zaren, su ne ke ɓata lissafi.

Yara sun fi jin daɗin densitin zinare, shi 19.3 ne, alminiyom 2.7, dalma 11.3, wannan dutsen mai ƙyalli da ke yaudarar mutane su zaci zinare ne kuma wajen 5 kacal. Amma don Allah kar a bari yaro ya kawo dutsen ma'adini a daka a aji, ba mu manta gubar dalmar 2010 a yankin Anka da Bukkuyum ba, yara sama da 400 ta kashe.

Gwaji na biyu shi ne dokar Labuwaziye, Bafaranshen da ya rubuta a 1789 cewa nauyi ba ya ɓacewa in abubuwa sun haɗu sun sauya. Zuba ruwan lemun tsami kaɗan a robar lemun kwalba, ƙunshe dakakkiyar kanwa giram 1 a 'yar takarda ka maƙale a wuyan robar, rufe murfi gam, auna. Girgiza, zai yi ta tafasa kamar an sa kanwa a miyar yakuwa, robar ta yi tauri, sake aunawa za ka ga lamba ba ta motsa ba. Buɗe murfin a hankali ka ji fuuu, iskar kabon ta fita, yanzu nauyi zai ɗan sauka.

Kar ka cika kanwa, roba na iya fashewa. Kuma kar ka sa balan-balan a madadin murfi, in ta kumbura iskar ɗaki na ɗan ɗaga ta, sikeli ya nuna ragi, yara su ce maka malam ai dokar ƙarya ce.