Gasasshen Burodi da Markaɗaɗɗiyar Gyaɗa da Murabba: Yadda Zai Gasu Bai Ƙone Ba

Uwargida, duk baƙalar, wato kantin unguwa, da kika shiga a Makka ko Jidda za ki tarar da kayan wannan haɗi: burodin tost mai yanka-yanka, kwalbar markaɗaɗɗiyar gyaɗa, bota, da murabba, wadda a Najeriya ake kira jam. Asalinsa abincin Amurkawa ne, tun 1901 aka buga yadda ake haɗa shi a wata mujallar girki ta Boston, kuma su yawanci ba sa ɗora shi a wuta. Amma in aka gasa shi a kasko, bayan burodin ya yi ƙaras-ƙaras, gyaɗar ta narke, ƙamshinta ya tashi, ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Abu biyu ne ke lalata shi: wuta ta yi yawa, ko kuma an cika masa ciki.

Ma'aunin mutum ɗaya shi ne burodi yanka 2, gyaɗa cokalin cin abinci 2 (kimanin giram 32), murabba cokali 1 (kimanin giram 20), bota cokalin shayi 2. Kada ki ƙara murabbar ko da kin ga kamar ta yi kaɗan.

Burodin da ya kwana ɗaya ya fi na yau, domin sabo yana da laushi da danshi, da an danna shi sai ya manne. Ki nemi mai kauri, kamar santimita 1.5. Mai madara ko mai sukari yana saurin yin ja, sai a ƙara rage masa wuta. Burodin burr kuma, wato na alkama mai dusa, launinsa na ɓoye ƙuna, don haka da hanci ake gane shi. In samuli ne a gida, wato dogon burodin nan mulmulalle, ki tsaga shi biyu, ki shafa haɗin a ɓangaren ɓawon, farin cikin ya koma waje. Shi ne zai kwanta a kasko daidai ya sha bota.

Gyaɗar ita ce ke buƙatar lura. Ta kwalba irin ta manyan kantuna an sa mata gishiri da sukari da wani mai da ke hana ta rabuwa, shi ya sa take riƙe jikinta a kan wuta. Akwai kuma zallar gyaɗa, irin dakwar da ake samu a shagunan 'yan Sudan, wadda mai ke taruwa a samanta. Ita ta fi ɗanɗanon gyaɗa na gaske, amma da ta ji zafi sai ta tsinke. In ita za ki yi amfani da ita, ki juya ta har ƙasan kwalba, ki rage zuwa cokali 1 da rabi, ki barbaɗa ɗan gishiri, domin ba tare da gishiri ba zaƙin murabba zai danne komai. Tunkuzar da aka matse wa mai don ƙuli-ƙuli ba za ta yi ba, ta bushe, ba ta shafuwa.

Yin ta a gida ma ba wuya. Ki gasa gyaɗa giram 250 a obin mai zafin digiri 175 a ma'aunin Celsius na minti 12 zuwa 15, ki murje ɓawon, ki zuba a bilenda tun da ɗuminta tare da gishiri kwatan cokalin shayi. Da farko gari za ta zama, sannan ta dunƙule, sai mai ya fito ta sake. Ki riƙa kashe injin yana hutawa. In ta ƙi sakewa, man gyaɗa cokalin shayi 1 ya isa. Ruwa kam ko ɗigo kada ya shiga, zai sa ta cure kuma ta yi saurin lalacewa. Kafin gashi ki tsince duk ƙwayar da ta yi fumfuna, ta yanƙwane ko ta canza launi ki zubar. Irinsu ne ke ɗauke da gubar aflatoksin mai cutar da hanta, kuma gashi ba ya kawar da ita.

A murabba ki zaɓi mai kauri, mai gutsattsarin 'ya'yan itace. Wadda aka yi da tataccen ruwan inabi zalla, irin ta Amurkawa, tana komawa ruwa da zarar ta ji wuta. Ta farawla (strawberry) da ta mishmish (apricot) sun fi dacewa saboda ɗan tsaminsu yana yanke maiƙon gyaɗa. Ta ɓaure zaƙinta ya yi yawa, sai dai a rage.

Wajen haɗawa, ki raba gyaɗar biyu, ki shafa wa kowane yanka cokali 1 har bakin-baki. Sannan ki zuba murabbar a tsakiyar yanka ɗaya, ki baza ta, amma ki bar kamar santimita 1 a kowane gefe. Ki kifa ɗayan, ki ɗan danna gefunan da yatsa har gyaɗa ta haɗu da gyaɗa. Dalilin yin haka shi ne murabba akwai ruwa a jikinta, in ta taɓa burodi kai tsaye sai ya jiƙe ya yi caɓa-caɓa. Maiƙon gyaɗa yana tare ta sama da ƙasa, gefen da kika bari kuma ya rufe mata hanya. Masu shafa gyaɗa a yanka ɗaya, murabba a ɗayan, su ne kaskonsu ke cika da ƙonannen sukari.

Botar a bayan burodi ake shafa ta, ba a kasko ba, don ta game ko'ina. Ki fitar da ita daga firij minti 15 kafin lokaci, a zafin Jidda ma ba ta kai haka, domin mai tauri yaga burodi take yi.

Ki ɗora kasko mai kauri a wuta ƙasa da matsakaiciya, ya yi minti 2 yana ɗaukar zafi. Da kin ajiye burodin ya kamata ki ji ƙara a hankali. In ya yi cuwww da ƙarfi ko hayaƙi ya tashi, ki sauke kaskon ya huce. Burodi yana fara yin ja ne daga wajen digiri 140, ita kuwa bota ragowar madarar da ke cikinta tana ƙonewa da an wuce 150 zuwa 175, kin ga tazarar ba yawa. Gefen farko minti 2 zuwa 3, ki ɗaga kusurwa ki duba. In ya yi ruwan zuma, ki sa cokali mai faɗi ki juya sau ɗaya, hannunki ɗaya na tallafe da saman. Gefe na biyu bai kai na farko daɗewa ba, minti 1 da rabi zuwa 2, tunda kaskon ya riga ya yi zafi. Kada ki danna da ƙarfi, kuma kada ki rufe, tururi zai mayar da shi laushi.

Mai man shanu ko samin za ta iya amfani da shi. Ya fi bota jure wuta, tunda an riga an tace madarar, sai dai ƙamshinsa na da ƙarfi, cokalin shayi 1 ya wadatar.

In kin sauke, ki bar shi minti 2 a kan raga ko ki jingina shi a tsaye. Kwantar da shi a faranti yana sa ƙasan ya yi gumi. Jiran nan dole ne: fiye da rabin murabba sukari ne, tana riƙe zafi, tana manne wa harshe, ta ƙona baki alhali burodin ya huce. Sannan ki yanka daga kusurwa zuwa kusurwa da wuƙa mai haƙora, kina ja a hankali.

In waje ya yi baƙi ciki da sanyi, wuta ce ta yi yawa, ko kuma daga firij kika ɗauko gyaɗar. In ya fito fari kuma ya sha mai, kaskon bai yi zafi ba aka ɗora. Ɗaci a gefe kuwa murabba ce ta zubo ta ƙone, sai ki goge kaskon kafin ki ɗora na gaba. A injin gasa burodi mai murfi, ki rage murabbar zuwa rabi saboda matsewa.

Idan babu murabba, ki cire ƙwallon dabino sukkari mai laushi guda 3, ki dama da ruwan ɗumi cokalin shayi 1. Wannan ba ya tsiyaya ko kaɗan. Dibis ɗin dabino kuwa, wato tataccen ruwansa mai kama da zuma, ya cika ruwa, gara a yaryaɗa shi a sama bayan an sauke. Ayaba ma tana shiga, a yanka ta siriri, kada ta wuce rabin guda.

Guda ɗaya yana kai kalori 450 zuwa 500, ya isa karin kumallo da shayi marar sukari sosai. Kafin ki ba baƙo ko ɗan maƙwabta, ki tambaya ko gyaɗa na yi masa illa, domin akwai waɗanda take sa wa kumburi da toshewar numfashi, kuma hakan na buƙatar asibiti nan take. Ƙananan yara a shafa musu siriri a yanka ƙanana, gyaɗa mai kauri tana shaƙe su. Na makaranta kuma a bar shi ya huce sarai kafin a naɗe, kuma a takarda, ba a leda ba.