Yadda Ma'aikaci Zai Lissafa Hutunsa Ya Kuma Karɓe Shi Bisa Dokar Ƙwadago ta Najeriya

Kafin ma'aikaci ya tunkari shugabansa da maganar hutu, abu na farko da ya kamata ya buɗe shi ne takardar ɗaukarsa aiki, domin Dokar Ƙwadago ta Najeriya mafi ƙarancin haƙƙi kawai ta ƙayyade, takardar kuwa tana iya ba shi fiye da haka amma ba ta da ikon ragewa. Sashe na 7 na dokar ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba da wannan takarda cikin wata 3 da fara aiki, tare da bayanin albashi da hutu da abin da za a yi idan rashin lafiya ta zo. Wanda ba a ba shi ba, ya nema a rubuce. Sannan ya tabbatar dokar ta shafe shi, saboda sashe na 91 ya fitar da masu riƙe da muƙaman gudanarwa da ƙwararru, waɗanda yarjejeniyar aikinsu ce madogararsu. Ma'aikatan gwamnati kuma suna da nasu kundin ƙa'idojin aiki.

Hutun shekara yana sashe na 18. Duk wanda ya yi wata 12 yana aiki ba yankewa ya cancanci aƙalla kwana 6 na ranakun aiki da cikakken albashi, ɗan ƙasa da shekara 16 kuma kwana 12. Kwana 6 ya yi kaɗan ƙwarai ga mutumin da ya shekara a masana'anta a Sharaɗa ko Bompai da ke Kano, shi ya sa kamfanoni da dama suke ƙarawa, kuma shi ya sa bai kamata a yi sakaci da ɗan abin da aka samu ba. Ana iya ɗage hutun idan ɓangarorin biyu sun amince, muddin ba a wuce wata 24 ana aiki babu hutu ba. Abin da mutane da yawa suke kuskurewa shi ne karɓar kuɗi a maimakon hutu, alhali dokar ta haramta wa mai ɗaukar aiki yin hakan matuƙar aikin bai ƙare ba. Sai a ranar rabuwa ake mayar da hutun da ba a ci ba ya zama kuɗi, kuma lissafin yana kan ainihin albashi, ban da alawus da kuɗin ƙarin lokaci.

Idan ciwo ya kwantar da ma'aikaci, sashe na 16 ya ba shi har kwana 12 na ranakun aiki a shekara tare da albashi, bisa sharaɗin ya kawo takardar likita mai rajista. Saƙon waya ko aiken ɗan'uwa ba ya maye gurbinta.

Mace mai juna biyu tana da mako 6 kafin haihuwa idan ta gabatar da takardar likita, da wani mako 6 bayan haihuwa wanda ba a yarda ta yi aiki a cikinsa ba, ko da ita ce ta so. Idan ta kai wata 6 tana aikin kafin ta tafi, za a biya ta aƙalla rabin albashinta, ba kuma za a ba ta takardar sallama tana cikin hutun ba. Bayan ta dawo tana da rabin awa sau biyu a rana domin shayarwa. Dokar ba ta ambaci hutun uba ba, sai dai gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza da kwana 14 a shekarar 2021.

Ranakun hutun ƙasa suna ƙarƙashin wata doka ta daban, kuma Ministan Harkokin Cikin Gida ne yake sanar da su. Masu tsayayyiyar rana sun haɗa da 1 ga Janairu, 1 ga Mayu, 1 ga Oktoba, 25 da 26 ga Disamba, da Ranar Dimokuraɗiyya wadda ta koma 12 ga Yuni daga 29 ga Mayu tun 2019. Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah da Maulidi suna bin lissafin wata, Ista ma tana sauyawa, don haka a jira sanarwa kafin a yanki tikitin mota. Wasu jihohi, irin su Kano, sukan ƙara 1 ga Muharram. Tun da ana lissafa hutun shekara da ranakun aiki ne, ranar Sallah da ta faɗo a tsakiyarsa bai kamata a lissafa ta cikin kwanakin hutun ba. Dokar Ƙwadago ba ta faɗi adadin abin da za a ƙara wa wanda ya yi aiki a irin waɗannan ranaku ba, saboda haka mai gadi ko ma'aikacin asibiti ya nemi a rubuta masa farashin tun farko.

Wajen nema, a rubuta wasiƙa mai ɗauke da ranar tafiya da ranar dawowa, a miƙa ta da wuri, a riƙe kwafin da aka sa wa hannu. Idan an hana, a fara da wakilin ƙungiyar ƙwadago ta wurin aiki, sannan ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya da ke jihar. In sulhu ya gagara, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce take da hurumin sauraron ƙarar, kuma takardun nan da aka adana su ne hujjar da za a gabatar mata.