Kurakuran da masu giyar inabi ke yi tsakanin ganga da kwalba

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne buga takardar jikin kwalba tun giyar tana cikin mazubi. Inabi ɗaya, gona ɗaya, amma idan ka raba ruwan uku, wani a tankin ƙarfe, wani a gangar katako, wani a randar ƙasa, abu uku daban za ka samu. Tankin ƙarfe ba ya barin iska ta shiga, sai ɗanɗanon 'ya'yan itacen ya zauna yadda yake. Ganga kuwa tana numfashi, ruwa yana ƙafewa ta jikin katakon, har ƙarfin barasar ma kan ɗan sauya. Randa, irin wadda mutanen ƙasar Jojiya ke binnewa a ƙasa, tana ba da iska ba tare da ƙamshin itace ba. Don haka a gama haɗawa tukuna, a auna, sannan a buga. A Tarayyar Turai, bambancin da aka yarda da shi tsakanin abin da aka rubuta da ainihin ƙarfin barasa kashi 0.5 ne kawai ga yawancin giyar inabi.

Wasu kuma suna ɗauka ganga ganga ce. Ina! Itacen oak (wanda ake yin gangar da shi) na Amurka ya fi ba da ƙamshin kwakwa da banila, na Faransa ya fi sanyin hali. Ƙaramar ganga mai lita 225 tana tasiri fiye da babba, kuma bayan an yi amfani da ita sau uku ko huɗu, ƙamshinta ya kusa ƙarewa. Wanda ya zuba gutsattsarin katako a tanki, dokar Turai ta hana shi rubuta cewa a ganga giyar ta nuna, kuma ni dai ina ganin dokar ta yi daidai.

Sunan inabi ma yana da ƙa'ida: a Amurka sai irin inabin ya kai kashi 75 na giyar kafin a rubuta sunansa, a Turai kashi 85. Salfait, sinadarin da ke hana giya lalacewa, idan ya wuce miligiram 10 a lita, dole a bayyana.

Tun 8 ga Disamba, 2023, Turai ta wajabta jerin kayan haɗi da bayanin abinci mai gina jiki. Ana iya sa su a lambar QR, amma adadin kuzari da abubuwan da ke tayar da borin jini sai a jikin kwalbar kanta.